Zannuwan Gwaggo

A gidanmu na Katsina akwai wata igiyar shanya da ban taɓa ganin ta babu kaya ba. Ta Gwaggo ce, yayar mahaifinmu, wadda ta dawo gida da zama bayan rasuwar mijinta. An ɗaura igiyar a bayan ɗakinta, daga ƙusar jikin katanga zuwa reshen darbejiya, inda mai shigowa ba zai hango ba. Kullum da zane biyu ko uku a kai, tare da wasu 'yan tsummokara da take yankowa daga tsofaffin atamfofi ta ninke su kamar ƙunzugu. Ina 'yar shekara goma a lokacin, na ɗauka tsabta ce ta yi mata yawa. Haka matan gidan ma suke faɗa, wai Gwaggo ba ta gajiya da wanki. Ɗakinta kuwa safe da yamma ba ya rabuwa da turaren wuta.

Haihuwarta tara, biyar suka rayu. Waina take soyawa a ƙofar gida, kuma tana da ciniki, don tun kafin a fito daga sallar asuba mutane suke tsayawa da kwanoninsu. Innarmu ta sha gaya mana cewa a zamanin kuruciyarsu, in Gwaggo ta tuntsire da dariya sai maƙwabta sun leƙo su ji abin da ya faru. Ni ban riski wannan Gwaggon ba. Wadda na sani, in abin dariya ya zo sai ta harɗe ƙafafu, ta dafe mara da hannu ɗaya, ta toshe baki da ɗayan, ta haɗiye shi. In hunturu ya shigo da hazo da tari, sai ta yini a ɗaki. Hayaƙin itace yana sa ta tari, shi ya sa wata shekara ta kife tanda ta ce ta gaji, cinikin ya koma hannun wata maƙwabciya. Biki ko suna, takan aika da gudummawa, in ta je ma ba ta zama, kuma ba ta shan komai. A 1981 babban ɗanta ya biya mata kujerar Makka. Ta ce a ba matarsa. Dangi suka yi ta magana, wasu suka ce tsoron jirgi take yi, har aka yi ɗan ɓacin rai a kai. Ba ta ce wa kowa uffan ba.

A shekarar nan na fara aikin ungozoma. Wanda bai ga asibitocin Arewa a wancan lokacin ba zai yi wuya ya gane yadda kalmar yoyon fitsari take da ma'ana ɗaya tak a kunnenmu. Ita ce yarinyar da ta kwana biyu ko uku tana naƙuda a ƙauye, kan jariri ya danne nama har ya mutu, aka samu ɓula tsakanin mafitsara da gaba, fitsari yana zuba dare da rana. Su muke gani, 'yan shekara sha biyar, sha shida, miji ya sake su, zarni ya kore musu kowa. A farkon shekarun 1980 ne wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo asibitin Babbar Ruga da ke bakin Katsina, wanda asalinsa na kutare ne, ya fara ɗinke irin wannan ɓula, kuma labari ya bazu har Nijar. Mata suka riƙa zuwa mota-mota. Aiki ne mai girma, kuma duk wadda ta ga yarinya ta tashi daga gado busasshiya bayan shekaru ba za ta manta ba. Amma idonmu ya cika da wannan babban ciwo har ba ma ganin wanda bai kai shi ba.

Wata rana a 1987 wata dattijuwa ta shigo ɗakin da nake duba mata. Daga ƙauye ta zo, ta ji ana gyaran masu yoyon fitsari a birni. Ta ce, “Sista, ni nawa ba kullum ba ne. In na ɗora tulu a ka, ko na yi atishawa, ko na sunkuya zan ɗauki jika, sai in ji ya kuɓuce. In na kwanta lafiya lau nake kwana.” Muka yi mata gwajin da muka saba, aka zura roba aka ɗura ruwa mai shuɗi a mafitsara, aka duba ko zai ɓullo ta inda bai kamata ba. Bai ɓullo ba. Na wanke hannu na ce mata, “Iya, ki gode wa Allah, ba ki da ciwon nan. Wannan haihuwa ce kawai, kowace mace haka take.” Ta yi shiru tana gyara ɗaurin zane. Sannan ta ce akuya ta sayar ta yi kuɗin mota ita da ɗan rakiya. Na ce Allah ya mayar da alheri. Ta ce amin, ta ɗauki ƙullin kayanta ta fita. A bayanta akwai 'yan mata fiye da goma a kan benci, kowacce da lema a ƙarƙashinta, kuma a ganina na wannan rana na yi abin da ya dace. Har yau ina ganin yadda ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗan matse ƙafafu kafin ta taka matakala.

Sai a 1995, a wani kwas na mako biyu, wata ma'aikaciyar sashen gashi ta tsaya gabanmu da zanen ƙugun mace ta yi bayanin da ya kamata a ce na sani tun ina makaranta. A ƙasan ƙugu akwai tsokoki da jijiyoyi da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda ragaya ke riƙe da ƙwarya. In mace ta yi tari, nauyin ciki yakan danno ƙasa. Muddin ragayar tana da ƙarfi, bututun fitsari yakan matsu a jikinta ya rufe. In ta saki, babu abin da zai tokare shi, sai fitsari ya sami hanya. Abin da ke sassauta ta sananne ne: goyon ciki, haihuwa a kai a kai, babban jariri, dogon nishi a wurin naƙuda, tarin da ya daɗe, taurin bayan gida, ƙiba, ɗaukar kaya masu nauyi, da ɗaukewar al'ada. Ta kuma raba mana shi da wani nau'in, wanda mace kan ji fitsari ya matse ta farat ɗaya ta kasa kaiwa banɗaki. Wancan rikicin tsokar mafitsara ne kuma yana da ƙwayoyinsa. Wannan na tari da atishawa, ƙwayoyin can ba sa yi masa komai. Sannan ta ce tun 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya wallafa yadda ake ƙarfafa waɗannan tsokoki da motsa su. Ina zaune ina lissafi a zuci, shekara arba'in da bakwai. Kuma fuska biyu nake gani, ta dattijuwar nan mai akuya da ta Gwaggo.

Da na koma bakin aiki na fara tambayar mata, sai na ga ashe tambayar ce kawai ba a yi. Mace ba za ta ce maka tana ɗigar fitsari ba. Amma in ki ka rage murya ki ka ce, “Hajiya, in kin yi tari kina jin danshi?” sai ta kalli ƙofa ta ga a rufe take, sannan ta fara. A nan na fara jin inda kuɗinsu ke tafiya. Kusan kowacce ta sha maganin sanyi a kemis, kwali bayan kwali, allura bayan allura, don a wurinmu duk abin da ya shafi mara sanyi ne. Da yawa sun sayi matsi a wurin masu kayan mata. Sai sabulu da omo, da ruwan da ake saye a wurin 'yan garuwa, da zanen da ke ƙoɗewa kafin lokacinsa, da audugar mata ga mai hali, daga baya kuma aka shigo da pampas na manya. Wata malamar firamare ta ce mini ta daina tsawatar wa yara da ƙarfi a aji. Wata ta ce ta bar zuwa tafsiri da tarawihi. Wata kuma ta ƙaurace wa shimfiɗar mijinta har ya ɗauka ƙiyayya ce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga littafin asibiti.

Koyar da motsa tsokar ba wuya gare shi ba, amma ba a yin sa a tsaitsaye. Nakan ce wa mace ta matse kamar mai riƙe iska a cikin taro, ta ja sama, ta riƙe tana numfashi, ta saki. Da baki kaɗai, mata da yawa nishi suke yi su tura ƙasa, wanda ƙara ɓarna ne, don haka dole in sa safar hannu in duba da yatsa har sai na ji ta kama daidai. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta shimfiɗa ita ce aƙalla matsa takwas, sau uku a yini, na tsawon wata uku ko fiye, ƙarƙashin kulawar wanda ya iya. Ni sai na ɗaura abin a jikin salla, bayan asuba, bayan azahar, bayan isha, tana zaune a kan darduma kafin ta tashi, don wannan lokaci ne da mace ba ta mantawa da shi kuma babu mai tambayarta me take yi. Na kuma koya musu su matse kafin tari ya fito, kafin su ɗaga bokiti. Wani nazari na cibiyar Cochrane da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin matan da suka yi wannan motsi sun ce sun warke, alhali a cikin waɗanda ba a yi wa komai ba kusan shida ne cikin ɗari. Ban ƙirga nawa matan ba, amma na ga waɗanda suka dawo bayan wata uku suna dariya da baki buɗe.

Na kuma ga waɗanda bai yi musu ba, kuma ba don sun yi lalaci ba. Wannan shi ya kai ni ga karanta yadda Turawa suke auna magani da kuɗinsa, a 'yan shekarun ƙarshe kafin in yi ritaya. Su ba sa tambayar wane magani ya fi araha kawai. Suna tambayar nawa za a kashe a sami shekara guda ta rayuwa cikin ƙoshin lafiya, kuma shekaru da yawa ma'aunin NICE ya kasance fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowace irin wannan shekara. Da wannan sikeli suka auna tiyatoci. Akwai tsohuwar tiyata da John Burch ya bayyana a 1961, inda ake buɗe mara a ɗaga naman da ke gefen wuyan mafitsara a ɗinke shi a sama. Akwai wadda ake yanko siririn jijiyar fatar cikin macen kanta a yi wa bututun majanyi da shi. Sai a 1996 Ulf Ulmsten na ƙasar Suwidin ya fito da siririn ƙyallen raga na roba da ake ratsawa ƙarƙashin bututun ta 'yar ƙaramar kafa. Aikin kamar rabin awa ne, mace ta koma gida a ranar ko washegari. Tunda kwanan asibiti shi ne mai cin kuɗi a wurinsu, ragar ta fito da araha a lissafi, ta kuwa mamaye ko'ina. Akwai kuma ƙwayar duloksetin da aka amince da ita a Turai a 2004, wadda tashin zuciya ke sa mata da yawa ajiye ta, da allurar cike gefen bututu, wadda sau da yawa sai an maimaita.

Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka yi a Holan aka wallafa a 2013. Mata 460 masu matsakaicin ciwo zuwa mai tsanani aka raba biyu, rabi aka fara musu da motsa tsoka, rabi aka yi musu ragar kai tsaye. Kafin shekara ta cika, kusan rabin waɗanda aka fara wa da motsi sun koma an yi musu tiyata. A ƙarshen shekarar, kusan kashi 91 cikin ɗari na ɓangaren tiyata sun ce sun sami sauƙi, ɓangaren motsi kuwa kashi 64. Na daɗe ina juya wannan, domin ni na riga na ba motsin zuciyata. Amma gaskiya ɗaya ce: macen da ragayarta ta saki sosai, in ki ka sa ta zarya wata da watanni, kin ƙara mata kashe kuɗi ne kafin ta isa inda dama can za ta je. Haka nan, ɗaya rabin da ba su nemi wuƙa ba su ma mutane ne, kuma an tsallakar da su daga haɗarin tiyata.

Haɗarin kuwa ya fito fili daga baya. Wasu matan ragar ta ci namansu, ta ɓullo ta gaba ko cikin mafitsara, wasu suka kamu da ciwon mara da cinya da ba ya jin magani, kuma cire ta ya fi sa ta wuya nesa ba kusa ba. A watan Yulin 2018 Ingila ta dakatar da amfani da ita a wannan aiki, a 2020 kuma kwamitin da Baroness Cumberlege ta jagoranta ya fitar da rahoto cewa an daɗe ba a saurari koken matan ba. Mata masu yawan gaske sun amfana da ragar kuma har yanzu ana sa ta a ƙasashe da dama. Amma lissafin farko ya tsaya ne a ɗan gajeren lokaci, ita kuwa mace da abin a jikinta za ta rayu shekara talatin. Da na ji labarin matan Ingila suna cewa likitoci sun ce musu ba komai ba ne, na tuna da bakina a 1987.

Lissafinsu ba zai zauna daidai a kanmu ba, don aljihun da ke biya daban ne. Can gwamnati ce, nan kuwa sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga hannun mara lafiya da danginsa yake fita. Motsin da ake cewa kyauta ne, ga matar ƙauye kuɗin mota ne sau uku ko huɗu, da neman izinin maigida kowane zuwa, da yinin da ba ta yi sana'a ba, su kuma ma'aikatan gashi 'yan kaɗan ne kuma a manyan birane suke. Shi ya sa nake ganin wurin da ya fi araha shi ne inda matan suka riga suka taru, wato ranar awo da ranar rigakafin yara. An tabbatar cewa mai cikin da ta fara motsin tun kafin matsalar ta same ta, haɗarin ɗigar yakan ragu mata a ƙarshen ciki da watannin farko na jego. Minti goma ne a cikin jawabin da muke yi musu dama. Ni kaina na yi shekara goma sha huɗu ina wannan jawabi, ina maganar abinci da gidan sauro da tsabtar cibiya, ban taɓa ambaton wannan ba. Ga wadda motsin bai yi wa ba kuma, ragar da ake shigowa da ita da dala ba ita ce kaɗai mafita ba. Tiyatar Burch da majanyin jikin mace zare suke bukata da hannun da ya ƙware, kuma hannun yana nan, domin likitocin da ke ɗinke ɓula sun saba da matan da ake rufe musu ɓular amma ɗigar ta ci gaba. Tiyata sau ɗaya tana da tsada a ranar biya. Amma wadda ta tara kuɗin sabulu da pampas da maganin sanyi na shekara ashirin, ta san wanne ya fi cin ta.

Wata biyu bayan kwas ɗin nan na 1995 na je Katsina. Kwana biyu ina kewaye-kewaye, don ba ƙaramin abu ba ne 'ya ta buɗe irin wannan magana da yayar ubanta. A dare na uku na shiga ɗakinta bayan isha, tana jan carbi, ƙamshin turare ya cika ko'ina. Na fara ba ta labarin wata mata a asibiti, mai haihuwa da yawa, wadda in ta yi tari kaza da kaza ke faruwa. Ban kalle ta ba, tabarma nake kallo. Carbin ya tsaya. Can ta ce, “'Yar nan, ashe ciwo ne?” Na ce ciwo ne, Gwaggo, kuma ana maganinsa. Ta ce tun haihuwar autanta yake tare da ita, shekara talatin ke nan. Ta ce kujerar Makka da ta bayar, ta kwana uku tana kuka a kanta, amma ta kasa tunanin yadda za ta yi ɗawafi cikin turmutsutsu ba ta san ko tana da tsarki ba. Ko malami ba ta iya tambaya ba, alhali malamanmu sun san mas'alar, suna kiranta salasul bauli, kuma akwai sauƙin da shari'a ta yi wa mai ita. Washegari na sa ƙanena ya tambayo mata limamin unguwa ba tare da ya ambaci suna ba.

Shekarunta sittin da bakwai a lokacin. Ta ƙi yarda in duba ta da hannu, sai na kwatanta mata iya yadda zan iya, na sa ta ɗora tafinta a ciki don ta ji ko tana nishi. Ta riƙe abin kamar wuridi. Maganar tiyata kuwa ta ce a bar ta, ta tsufa. Bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma da na dawo da babbar salla zane ɗaya na tarar a igiyar, sauran wurin kayan jikoki ne. Makka ba ta je ba, gwiwoyi sun riga sun hana.

Shekara biyu bayan haka aka yi sunan jikata ta fari a Kano. Gwaggo ta shiga mota ta zo, tafiyar da rabonta da ita tun ina yarinya. Ta zauna a tsakar gida cikin mata, ba a bakin ƙofa ba. Aka kawo kunun zaƙi ta sha kofi guda, ta miƙo a ƙara mata. Da wata kakar jaririyar ta fara tsokanar ango, sai na ji wata dariya mai ƙarfi daga bayana wadda ban san muryar ba. Innarmu da ke kusa da ni ta ajiye faifan da ke hannunta ta waiga. Gwaggo ba ta tashi daga wurin ba sai da aka kira magariba.